Binciken Manyan Digiri a Ƙasar Dakwaro: Yadda Ilmi Ke Fita da Hausa, da Hanyar da Zai Komo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wata matsala da ta haɗa masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci, ko da yake ba kasafai sukan zauna su tattauna ta tare ba. Matsalar kuwa ita ce, yawancin abin da ɗaliban digiri na biyu da na uku suka rubuta a kan ƙasar Maraɗi daga bakin mutanen ƙasar suka ji shi, da Hausa, amma da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta shi, kuma a nan ya tsaya. A ɗaya gefen, manomi ko makiyayin da ya sha wahalar koyon baƙi a ajin manya yakan fito ya rasa abin karantawa da ya shafi gonarsa ko rijiyarsa, har karatun ya zube masa.

Mun ɗauki ƙasar Dakwaro (wadda takardun hukuma ke rubutawa Dakoro) domin misali, saboda a cikinta tarihi da kimiyya da addini da al'adu sun taru a kan magana ɗaya, watau maganar ƙasa da ruwa. Za mu duba abin da aka bincika a kowane fanni, sa'an nan mu nuna wuraren da ilmin ke zubewa a kan hanyarsa daga bakin mai ba da labari zuwa kundin digiri, daga ƙarshe mu kawo shawarwari.

2.0 Ƙasar da ake magana a kanta

Garin Dakwaro yana arewa da Maraɗi da tazarar kilomita kamar 120. Turawan mulkin mallaka na Faransa ne suka mai da shi mazaunin hukuma a shekara ta 1947, domin su sa ido a kan yankin da manoma da makiyaya ke cuɗanya. Kwarin Tarka, wanda tsohon kogi ne da ya ƙafe, ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Kudu da shi gonakin gero da wake ne, a ƙasashen sarautar Kornaka da Birnin Lalle. Arewa da shi kuwa ƙasar kiwo ce ta Fulani, har da Wodaɓe, da Abzinawa. A shekara ta 2011 aka cire Barmo daga Dakwaro aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, to amma ta fuskar kiwo da kasuwanci ƙasar ɗaya ce har yanzu.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, harsuna uku ke raye a wannan yanki: Hausa, Fulatanci da Tamajak. Hausa ce harshen kasuwa da na fada da na sulhu. Idan Bafillace da Ba'abzine suka haɗu a bakin rijiya, sau da yawa da Hausa za su daidaita wanda zai fara shayarwa. Saboda haka ko binciken da aka yi a kan makiyaya ma, wani kaso mai yawa nasa ta Hausa ya bi kafin ya isa littafin ɗalibi.

3.0 Fannonin bincike huɗu

3.1 Tarihi

Labaran baka na Gobirawa sun nuna cewa bayan sun baro Azbin sun zauna a Birnin Lalle kafin su gangara kudu, har suka kafa Alƙalawa a ƙarni na 18, wadda ta faɗa hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Ke nan ƙasar Dakwaro, wadda garinta na hukuma bai cika shekara ɗari ba, tana riƙe da ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunin sarautar Gobir. Wanda ke son ya fahimci wannan ƙaura dole ya bi ta kan aikin Djibo Hamani a kan Adar (1975) da kan sarautar Azbin (1989), da na André Salifou a kan tawayen Kawusan (1973), da kuma kundin Yusufu Bala Usman a kan Katsina, wanda ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1974 aka buga shi a 1981. Ukun farko da Faransanci suke, na huɗun da Ingilishi.

Tarihin duniya ma ya bar sawunsa a nan, kuma cikin kalmomin Hausa ya bar shi. Tsofaffi ba da lambar shekara suke lissafi ba, da sunan yunwa suke yi. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914, gab da Yaƙin Duniya na Farko. Ƴar Gusau ita ce ta 1942, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da hukumomin mallaka ke matsa wa talakawa da neman hatsi da ƴan aiki. Ta 1984 kuwa ƴar Buhari aka sa mata, domin fari ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a wannan shekara, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Katsina ya buga shi a 1983, da Boureima Alpha Gado, wanda littafinsa na tarihin yunwa a Sahel ya fito a 1993, duk sun yi amfani da irin waɗannan sunaye. Haka kuma tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, wanda ke da alaƙa da ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya da kuma yaƙin da ake yi a Turai, murƙushe shi da Faransawa suka yi ya kori Abzinawa da yawa daga duwatsun Azbin zuwa kudu. Gyaɗa ita ma ta taka tata rawa: da kamfanonin man Faransa suka buɗe mata kasuwa, gonakin kudu suka cika, manoma suka dinga haurawa arewa suna saran daji, musamman a shekarun 1950 da aka yi damuna mai albarka a jere.

3.2 Kimiyya

Bayan babban farin 1968 zuwa 1974, masana kimiyya sun nemi sanin dalilin ƙarancin ruwa a Sahel. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama tsirara, sai ta dinga mayar da hasken rana sama fiye da da, iskar da ke bisa ta yi sanyi ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa. Wannan ra'ayi ya karɓu ƙwarai, kuma ya ƙarfafa zargin da ake yi wa makiyaya da masu saran itace cewa su suka jawo hamada. Amma a 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila, sa'an nan a 2003 Alessandra Giannini da nata abokan aiki, suka nuna cewa babban abin da ke jan damunar Sahel ko ya ture ta shi ne zafin ruwan teku, watau bambancin ɗumi tsakanin arewacin Tekun Atlantika da kudancinsa, da kuma ɗumamar Tekun Indiya. Wannan ba ya nufin saran itace ba shi da illa ga gona. Abin da yake nufi shi ne, farin da ya kashe garken Bafillacen Tarka daga nesa ya taso. Labari ne da ya kamata a ce kowane ajin manya a Dakwaro ya karanta shi, domin ya shafi yadda maƙwabta ke kallon juna.

Misali na biyu daga gona ya fito. Tun 1983 wani ma'aikacin mishan ɗin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da manoma ke sarewa kowace shekara a raye suke, saiwarsu na nan. Idan manomi ya zaɓi ƴan tsiro kaɗan daga kowane kututture ya bar su, ya sassabe saura, cikin ƴan shekaru za su zama itatuwa ba tare da dashe ko ban-ruwa ba. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. A shekarun 2000 binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan, wanda ya haɗa hotunan sama da zagayen gonaki, ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta kamar miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A nan ya kamata mu lura da abu guda: dabarar ta yaɗu ne daga manomi zuwa manomi da sunanta na Hausa, shekaru masu yawa kafin masana su auna ta.

Hausar manomi kuwa tana da nata rabe-raben. Jigawa daban, geza daban, fadama daban, fako daban, kowace da irin shukar da take karɓa da lokacin da ake huɗarta. Kalmar geza ma suna ce ta ƙasa mai tauri, kuma suna ce ta wani ɗan itace da masana tsirrai ke kira Combretum micranthum. Ɗalibin aikin gona da ya rubuta sunan Latin kawai, ko ya fassara geza da kalmar Faransanci ta nau'in ƙasa kawai, ya yar da rabin abin da manomin ya gaya masa. Tun 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, kuma a shekarun 1970 Peyre de Fabrègues ya yi irin wannan aiki ga harsunan Nijar. Gandun Gadabeji, wanda aka keɓe a 1955 mai faɗin hekta 76,000, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gandayenta a 2017, aka kuma mayar masa da raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018, wuri ne da ɗaliban kimiyyar halittu za su sabunta wannan aiki da harsuna uku.

3.3 Addini

Ƙasar Maraɗi na daga cikin sassan ƙasar Hausa da aka fi nazarin addininsu. Guy Nicolas ya buga babban kundinsa a 1975 a kan yadda Hausawan kwarin Maraɗi ke fahimtar duniya, inda ya yi dogon bayani a kan Anne da gadon sana'o'insu da bukin buɗar daji. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta a kan bori a 1972. Emmanuel Grégoire ya rubuta a kan alhazan Maraɗi a 1986, watau attajiran da suka haɗa fatauci da hidimar Musulunci, waɗanda daga baya wasunsu suka tallafa wa Izala bayan kafa ta a Jos a 1978. Barbara Cooper kuwa ta rubuta tarihin aure a Maraɗi (1997) da na Kiristocin yankin (2006). A kudu aka yi waɗannan ayyuka, amma sun shafi Dakwaro, domin manoman da suka hauro sun taho da al'adunsu daga Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar.

A wannan fanni ne wahalar komowa ta fi fitowa fili. Mai bincike ya ji Anne a Maraɗi, ko Azna a Adar, ya rubuta kalmar Faransanci mai nufin masu bautar iskoki. In an zo mayar da maganarsa Hausa, mai fassara zai iya cewa arna, alhali kuwa a bakin mutanen yau arna zagi ne, kuma jikokin waɗanda aka yi hirar da su Musulmi ne masu salla. Haka iska: ga ɗan bori suna ce ta wani mai zuwa da ake girmamawa, ga malami kuwa aljani ne da ake neman tsari da shi. Ba za a warware irin wannan da ƙamus kaɗai ba. Sai wanda ya yi binciken ya zauna da mai fassara, su yanke shawarar kalmar da za ta faɗi gaskiyar tarihi ba tare da ta ci mutuncin mai karatu ba.

3.4 Al'adu da zaman jama'a

Clare Oxby ta yi bincikenta na digiri na uku a cikin Abzinawa Kel Ferwan na ƙasar Dakwaro, ta gabatar da shi a Jami'ar Landan a 1978, a kan matsayin mata da na bayi a cikin wannan al'umma. Bayan shekaru fiye da talatin, a 2011, ta sake rubutu a kan ko dokar kiwo ta 2010 za ta amfani makiyayan Abalak da Dakwaro. Abdoulaye Mohamadou, a ƙarƙashin cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, ya bi diddigin sarauta da siyasa a Birnin Lalle a shekarun da aka shigo da tsarin ƙananan hukumomi, wanda zaɓensa na farko ya gudana a 2004.

Duk waɗannan ayyuka suna komawa ga doka ɗaya. Ranar 26 ga Mayu 1961 aka kafa doka mai lamba 61-05 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a ƙasar Dakwaro iyakar kwarin Tarka take bi. Bisa ga dokar, arewa da iyakar ba a buɗe sababbin gonakin damina, sai ɗan noman ci da makiyaya ke yi wa kansu, kuma in dabba ta yi ɓarna a gonar da aka yi a can ba bisa ƙa'ida ba, babu diyya. Amma yawan jama'a da ƙarancin gona sun sa manoma sun tsallaka iyakar tun da daɗewa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda daga baya suka kai har ƙauye, ta kuma amince cewa makiyayi yana da haƙƙin fifiko a wurin da ya saba zama mafi yawan shekara. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da iyakar 1961. Abin da ke iya faruwa in sulhu ya gagara kuwa an gan shi a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji maƙwabciyar Dakwaro, a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe fiye da mutum ɗari, mafi yawansu mata da yara na Fulani.

Ga inda aikin yaƙi da jahilci ya shigo kai tsaye. Kwamitin filaye na ƙauye yana bukatar magatakarda mai iya rubutu, domin shi ke cika takardun shaidar saye da kyauta da gado da aro da haya da jingina. Kowace kalma daga cikin waɗannan shida tana da iyakarta a al'ada, kuma rigingimun gona da yawa daga nan suke tasowa: wanda kakansa ya ba da aro ya ce aro ne, wanda kakansa ya karɓa ya ce kyauta ce. Haka burtali da mashaya da makiyaya da saura. Saura gona ce da aka bari ta huta, tana da mai ita, ko da baƙo zai gan ta kamar daji. Masu binciken da suka shekara suna tambayar tsofaffi ma'anar waɗannan kalmomi suna riƙe da abin da magatakardan ƙauye ya fi kowa bukata.

4.0 Wuraren da ilmin ke zubewa

In mun bi hanyar da magana ke bi daga ƙauye zuwa ɗakin karatu, za mu ga tana zubewa a wurare uku.

Na farko, wajen tambaya. Ɗalibi yakan tsara tambayoyinsa da Faransanci, da ma'anonin da ya koya a aji, sa'an nan shi ko tafintansa ya juya su Hausa a tsaye, a gaban mai amsa. In ya tambayi wane ne mai wannan fili, yana nufin mallaka irin ta takarda, za a ba shi suna ɗaya. Amma fili ɗaya yana iya zama na wani wajen shuka, na wani wajen kiwon kara bayan girbi, na wani wajen rijiyar da ke cikinsa. In mai amsa Bafillace ne ko Ba'abzine da ke magana da Hausar kasuwa, an yi juyi biyu ke nan kafin a rubuta komi.

Na biyu, wajen rubutawa. Sau da yawa ɗalibi ba ya rubuta abin da aka faɗa da Hausa, sai ya rubuta fassararsa nan take. In kuma ya kawo kalmar Hausa, da ƙa'idar rubutun Faransanci yake kawo ta, ba ƙugiya, ba bambanci tsakanin k da ƙ ko d da ɗ. Ta haka ƴar Buhari ta zama El Bouhari, geza ta zama guéza, jigawa ta zama djigawa. Wanda ya nemi waɗannan siffofi a ƙamusun Bargery na 1934, ko a Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini na 1987, ba zai same su ba. Alhali kuwa tun taron Bamako na 1966 aka aza harsashin daidaita rubutun harsunanmu, kuma a 1999 ma'aikatar ilmi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance.

Na uku, wajen ajiya. Bayan an kare kundi a Yamai ko Bordo ko Landan, kundin yana shiga ɗakin karatu, amma muryoyin da aka ɗauka, da kaset ne a da ko da wayar hannu a yau, suna zama a hannun ɗalibi har su lalace ko su ɓace. Ga mai nazarin harshe, wannan ita ce hasara mafi girma, domin muryar tsohon Kornaka da aka ɗauka shekaru arba'in da suka wuce shaida ce ta karin harshen Gobir na wancan zamani, ko da a kan rijiya aka tambaye shi.

5.0 Abin da magabata suka gwada

Hanyar komowa ba sabuwa ba ce. Malaman jihadin Sakkwato sun rubuta littattafansu na ilmi da Larabci domin malamai, sa'an nan suka zuba ma'anarsu cikin waƙen Fulatanci da Hausa domin jama'a. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta tsara mata masu koyarwa da ake kira jaji, suna kai waɗannan waƙoƙi ƙauyuka ga ƴan taru. Watau sun san cewa rubutun masana daban, abin da za a kai wa jama'a daban, kuma duka biyun aikin malami ne. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda Boubou Hama ya aza harsashinsa, yana riƙe da dubban irin waɗannan takardu.

A zamanin boko, cibiyar tattara labaran baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda ta zama CELHTO a 1974, ta buga aikin Issaka Dankoussou a kan labaran Katsinawa bayan jihadi a 1970, Hausa da Faransanci tare. Wannan shi ne tsarin da ya dace, domin masani zai iya duba fassara, Bahaushe kuma zai iya karanta asali. Misalin da ke nuna abin da jinkiri ke jawowa kuwa shi ne na Baba ta Karo: Mary Smith ta rubuta labarinta da Hausa a 1949 zuwa 1950, fassarar Ingilishi ta fito a 1954 ta zagaya duniya, amma asalin Hausar bai fito ba sai 1991.

A Nijeriya, sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna karɓar kundayen digiri da aka rubuta da Hausa, kuma ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya taimaka wajen haka. Sai dai galibin waɗannan kundaye a kan harshe da adabi da al'ada suke. A Nijar kuwa an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, sa'an nan kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka dai ta buɗe ƙofa, amma doka ba ta rubuta littafi.

6.0 Shawarwari

Ga jami'o'i, musamman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, muna ba da shawara uku. Ta ɗaya, duk kundin da aka yi bincikensa cikin jama'a ya ƙunshi taƙaitawa ta shafi biyar zuwa goma da harshen da aka yi hira da shi, ɗalibin da kansa ya rubuta ta, kuma a sa mai sanin harshen cikin alƙalan kundin domin ya duba ta. Ta biyu, a haɗa jerin kalmomin da aka ji a fili, da daidaitaccen rubutu, kowace da garin da aka ji ta da jimlar da ta fito a ciki. Ta uku, a ajiye kwafin muryoyi a IRSH ko CELHTO, da yardar masu maganar, tare da sharaɗin ɓoye suna inda maganar ta shafi rigimar fili ko asalin bauta, domin irin wannan magana tana iya tada husuma a gari.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, shawara ita ce kada a ɗauki taƙaitawar ɗalibi a miƙa wa sabon makaranci yadda take. Sai an sake ta cikin gajerun jimloli da manyan baƙaƙe, an karanta ta a gaban ajin manya biyu ko uku, an gyara inda suka tsaya. Daga abin da muka lissafa a sama kaɗai za a iya fitar da ƙananan littattafai huɗu domin Dakwaro: sunayen yunwa da shekarunsu, wanda zai taimaka har wajen ƙiyasta shekarun haihuwa, dalilin fari da dabarar sassaben zamani, tarihin Birnin Lalle, da bayanin iyakar noma da takardun filaye shida. Wannan na ƙarshe ya kamata ya fito da Hausa da Fulatanci da Tamajak a lokaci ɗaya, da ma'ana ɗaya, domin in ɓangare ɗaya kaɗai ya karanta doka da harshensa, an ba shi makami ne a kan ɗayan. A kuma yi la'akari da ajami, tun da almajiran allo da yawa suna karanta shi ba su taɓa shiga ajin boko ba, da gidajen rediyon karkara domin waɗanda ba su karatu sam.

Ga masana harshe, aikinmu shi ne tara jerin kalmomin nan daga kundaye dabam-dabam, mu gwada su da juna, mu ga inda Hausar Gobir ta saɓa da ta Damagaram ko ta Kano, mu kuma daidaita kalmomin da babu su. A nan a bi ƙa'ida ɗaya: kada a ƙirƙiri kalma sai an tabbata manomi ko makiyayi ba shi da tasa. Sassaben zamani ba a ofis aka ƙirƙire ta ba, shi ya sa ta zauna.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙasar Dakwaro da kewayenta ba su rasa masu bincike ba, tun daga masana tarihin Gobir da Azbin har zuwa masu auna itatuwa da hotunan sama. Mun ga kuma cewa abin da suka gano ya shafi tambayoyin da mutanen ƙasar ke fama da su kowace damina: ina iyakar gona, wa ke da haƙƙin rijiya, me ya kawo fari. Abin da ya rage shi ne a ɗauki mayar da sakamakon bincike cikin harshen masu shi a matsayin sharaɗin digiri, kamar yadda ake ɗaukar jerin littattafan da aka duba. Kuɗin da wannan zai ci kaɗan ne in an gwada da kuɗin binciken kansa. Muna fatan sassan tarihi da aikin gona da nazarin zaman jama'a za su gwada wannan tsari a kan kundaye kaɗan na gundumar Dakwaro, tare da ma'aikatan yaƙi da jahilci na wurin, a ga abin da zai haifar kafin a faɗaɗa shi zuwa sauran gundumomi.